Faten da Inna Ba Ta Yi Mini Ba

Daga Allah muke, gare Shi Inna ta koma, ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke gidanmu na Kusfa.

Da aka fita da ita, ni na zauna a tabarmar bakin ƙofar ɗakin, inda ya kamata 'yar fari ta zauna. Mata suna shigowa daga zaure, su cire takalma, su durƙusa a gabana su ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta," in ce amin. Kafin in rufe baki sun fara ɗaga kai suna dube-dube.

"Ina Amarya?"

Amarya matar ƙanena ce, autan Inna. An daɗe da auren, amma sunan ya bi ta. Tana ƙuryar ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa a gefen gadon Inna. Can matan suke wucewa, can kuma ake kukan gaske. Ina jin su ta labule. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta san ranar da aka haife ni, ta fito tana share hanci da gefen mayafi, ta ce wa ta kusa da ita, "Wallahi yarinyar nan ita ta yi rashin uwa." Ƙafarta har tana taɓa tabarmata.

Wata mata da ban taɓa gani ba ta zo daga Tukur-Tukur. Ta ce ɗanta yana da farfaɗiya, Inna ce ta koya mata yadda ake kwantar da shi a gefe ɗaya idan abin ya tashi, ta hana ta cusa masa cokali a baki. Ta tambaye ni, "Ke 'yar uwar marigayiyar ce?" Na ce 'yarta ce. Ta ce, "Ikon Allah, ashe tana da wata." Ba da mugunta ta faɗa ba.

Kowa a ranar yana cewa Inna mai tausayi ce, mai sanyin hannu. Gaskiya suka faɗa, amma ba su faɗa duka ba. Ina so 'ya'yanmu su san ta kamar yadda take, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kuma ba zan yi kamar ban ji kishi ba. Na ji shi a kan tabarmar nan, ina kuma jin sa yanzu.

Inna gajeriya ce, siririya, muryarta ta fi jikinta. Tun kafin in yi wayo take sayar da koko da ƙosai daga cikin gida. Kafin rana ta fito yaran unguwa sun cika zaure da kwanuka, ita kuma tana tsugune gaban kasko, hayaƙi yana shiga idonta ba ta ko ƙiftawa. Ni ce mai surfen wake da kai niƙa. Ba na tafiya makaranta sai an kwashe kaskon farko.

Kowace damuwa aka kawo mata, tambayarta ɗaya ce. Yaro ya shigo da kuka an doke shi a waje, sai ta ce, "Ka ci abinci?" Idan ya ce eh, ta ce, "To ba abin da ya same ka." Idan ya ce a'a, ta zuba masa. Mace ta zo da ƙarar miji, sai an ajiye mata kwano kafin a saurare ta. Inna ba ta iya rarrashi da baki ba, da ludayi take yi.

Ni kuwa 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe alkunya kamar farilla. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni idan ina kusa, "waccan" idan ina nesa. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito aka ɗauke ni kwalejin horon malamai, na shigo da gudu na gaya mata. Ta ce, "To. Waken can ya jiƙu." Ranar da na haifi ɗana na fari a Tudun Jukun ta zo, ta leƙa fuskar jaririn, ta tambayi ko itacen wanka zai isa, ta ce bari ta koma, ta bar gasara a buɗe. Na san haka iyayenmu suke. Na ɗauka kuma haka Inna take da kowa, ba ta da wata fuskar. Da wannan na yi ta ba kaina haƙuri har Amarya ta shigo gidan.

Daga wani ƙauye bayan Ƙofar Gayan aka kawo ta, yarinya mai shiru, ba ta haɗa ido da kowa. Ba a yi wata huɗu ba, ranar nan ina gidan, tana tsaye bakin murhu sai ta yi wata ƙara ta faɗi. Jikinta ya sandare, ya shiga karkarwa, kumfa tana fita ta bakinta. Matan gidan suka watse. Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta zo yini daga Gyallesu, tana daga bakin zaure tana ihu, "Kada wanda ya taɓa yawun! Ana ɗauka!" Inna ta janye tukunyar da ke kan murhun da hannunta ba tsumma, ta cire ɗankwalinta ta tura ƙarƙashin kan yarinyar, ta juya ta gefe, ta zauna a ƙasa tana riƙe da kafaɗarta har abin ya lafa. Da gefen zaninta ta goge mata baki.

Da la'asar Goggo ta tara mu. Baba ya riga ya rasu, saboda haka ita take ganin kanta uban gidan. Ta ce an cuce mu, mutanen ƙauyen sun ɓoye, a mayar musu da 'yarsu tun ba ta haifa mana irinta ba. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana murza zaren ɗinki a yatsa. Inna ta bar ta ta gama.

"A gidana ta faɗi," in ji Inna. "A gidana za ta tashi."

"Ke kika haife ta?"

"Na karɓe ta a zaure da hannuna. Wanda yake jin tsoron yawu ya daina cin abincin gidan nan, don ita za ta ci gaba da tuƙa tuwo."

Shekaru aka yi ana fama. An yi rubutu, an yi hayaƙi, daga baya aka koma ƙwayoyin asibiti. Sukan rage, ba sa hanawa. Ta ƙone a hannu, ta fasa haƙori. A ƙarshe likitoci suka ɗauki hoton kanta suka ce akwai wani tabo a ƙwaƙwalwa, ta wajen kunnen hagu, daga nan abin yake tasowa, kuma ana iya cire shi, amma sai an fita da ita Indiya. Inna tana da gona da ta gada wajen mahaifiyarta, a bayan ganuwa, gari ya riga ya cim mata ana ta gine-gine. A gonar nan na koyi roron gyaɗa, kuma ko ban faɗa ba na sa rai wata rana a nan zan kafa ɗaki. Ta sa aka sayar.

Na ce, "Inna, gonar Kaka?"

Ta ce, "Ke noma kike yi?"

Ƙanena ne ya raka matarsa Indiya. Da suka dawo, ban gane Amarya ba. An aske rabin kanta, ɗinki ya taso daga gaban kunne ya lanƙwasa sama. Farfaɗiyar ta tsaya, wannan kam an gode Allah. Amma sai matsalar cin abinci da ciwon ciki suka taso. Muƙamuƙinta ya riƙe saboda naman da aka yanka a wurin, bakin ba ya buɗuwa fiye da a sa yatsa. Ko ƙamshin miya ta ji sai zuciyarta ta tashi. Ga magungunan kashe zafi sun ɗaure mata ciki, ta yi kwanaki ba ta kewaya ba, cikin ya kumbura ya yi tauri, tana kwance tana hawaye ba sauti. Likitan da ya yi aikin ya ja wa ƙanena kunne a kan abu biyu. Kada ta riƙa yunƙuri da ƙarfi a bayan gida, saboda kan bai warke ba. Kuma ƙwayoyin farfaɗiyar ba a daina su ba, dole su zauna a cikinta a kan lokaci, idan tana amayar da su ciwon yana iya dawowa. Wato gonar Kaka da tafiyar Indiya duk sun dawo sun rataya a kan ko yarinyar nan za ta iya riƙe abinci.

Aka kira ni in karanta bayanin likita, tunda ni ce malamar makaranta. Na fassara wa Inna: ruwa da yawa, ganye, kayan itace, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a guji mai da yaji, a riƙa ɗan takawa. Ta saurara da kai a karkace.

"Fate yake nufi," in ji ta. "Shi ne ya cika takarda haka?"

A ranar ta sa aka ɗauko Amarya daga ɗakin mijinta aka kwantar da ita a gadon ƙarfen Inna. Gadon nan, mu da muka fito daga cikinta, ko zama a bakinsa ba mu taɓa yi ba. Inna ta shimfiɗa wa kanta tabarma a ƙasa.

Bayan kwana biyu na biyo da safe kafin in wuce makaranta, na ci karo da yara suna fitowa daga zaure da kwanuka a kife. Na shiga na tarar da murhun ƙosai a sanyaye, an kifa kaskon a jikin bango. Ban taɓa ganin bayan kaskon nan da safe ba.

"Inna, lafiya? Ba a suya yau?"

"Ƙaurin mai yana tayar mata da zuciya."

"Har yaushe?"

"Har ta ce ya daina."

Na tsaya ina kallon kaskon. Ranar ɗaurin aurena an yi suya. Ranar da na kwanta da ƙyanda ina ƙarama, daga ɗaki nake jin ƙarar mai. Na gaishe da mai jiki na tafi aiki.

Faten da Inna take yi wa Amarya ba irin wanda muka tashi da shi ba ne, mai attarugu da manja har ya yi ja. Tukunya ce ƙarama ta daban. Takan jiƙa tsakin masara tun da wuri, ta dafa shi har ya narke, ta yanka alayyafo siriri-siriri da ɗan yakuwa don ɗanɗano, ta dama kabewa a ciki, ta ɗiga manja kamar mai sa turare. Sai ta zuba ludayi ɗaya tak a ɗan kwano, ta zauna a bakin gado da cokalin shayi, don shi kaɗai ke shiga bakin. Idan Amarya ta kau da kai, Inna ba ta matsa mata. Takan ce, "Ci kaɗan, ki huta, ki dawo." Ta rufe kwanon, an jima ta sake ɗumamawa. Haka za a yini.

Da sassafe ruwan ɗumi ne da dabinon da ya kwana a jiƙe. Sai koko marar kauri da ɗan citta, cokali kaɗan, sannan ƙwaya, don ta lura idan cikin ba komai maganin dawowa yake yi. Da hantsi gwanda. Ƙanena har ya saba da masu gwanda na bakin Ƙofar Doka. Da yamma ta riƙo hannunta su taka zuwa zaure su dawo, Inna tana cewa, "Taka, taka, ciki ba ya motsi idan mai shi tana kwance."

Inna ma ta yi kuskure. Akwai lokacin da ta ga ganye yana taimakawa, sai ta dafa zogale ta kwaɗa mai yawa ta ɗura wa yarinyar. Cikin ya cika da iska, ta yini tana murƙususu. Inna ta sa ƙanena ya kira likitan da ke duba ta a nan gida, ta karɓi wayar da kanta ta riƙe ta nesa da kunne tana ɗaga murya, "Likita, ni ce na yi, ba yarinyar ba. Gaya mini daidai." Ya ce a riƙa ƙara ganyen sannu-sannu tare da ruwa, ya kuma rubuta wani ruwan magani mai sassauta ciki. Tun daga nan ba ta sake sa wa tukunyar wani sabon abu ba sai an tambaya. Ni ban taɓa jin Inna ta ce "ni ce na yi" ba sai ranar.

Sai kuma tambayar safe. Ko wa ke ɗakin, ko matar liman ce ta zo dubiya, Inna za ta ɗaga labule ta ce da ƙarfi, "'Yar nan, kin kewaya?" Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ba kunya a ciwo. Eh ko a'a?" Wata rana ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara, na fita baranda na ɗauka. Ƙanena ne, yana dariya.

"Yaya, Inna ta ce a gaya miki an samu."

"An samu me?"

"Amarya ta kewaya. Inna har ta aika a sayo alewa a raba wa yara."

Na yi dariya ni ma, don na ji daɗi da gaske. Sai da na koma aji na tuna cewa wannan ne karo na farko da Inna ta sa aka neme ni don ta ba ni labari mai daɗi.

A wannan shekarar ni ma cikina yana damuna. Gyambon ciki likita ya ce, idan na ci yaji sai in ji kamar an zuba garwashi. Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ki rage shayi da tunani." Wata Asabar na zo da yunwa, na tarar da ƙaramar tukunyar a gefen murhu tana tururi. Na ɗauki kwano na zuba rabin ludayi.

"Ajiye," in ji Inna daga bayana. "Ba naki ba ne. Ga tuwo can a kwando."

"Inna, miyar da yaji."

"Ki tsame sama-sama."

Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, yara ɗari suna miƙewa tsaye idan na shiga aji. Na juye faten a tukunya, na ɗauki tuwon na zauna a gindin bango. Amarya ta gani ta taga. Da Inna ta shiga alwala, ta lallaɓo da ɗan kwanonta tana dafa bango, ta ajiye a gabana ta ce a hankali, "Yaya, ki ci, ni na ƙoshi." Da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ba ta taɓa ba ni dalilin jin haushinta ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Faɗan Inna da Goggo na biyu ya fi na farko. Cikin ya sake ɗaurewa bayan an canja wa Amarya wani magani. Ranar Inna ta fita barka a maƙwabta, Goggo ta zo da jiƙon ganyen filasko mai wanke ciki a gora, ta ce wannan shi iyayenmu suka sani, a bar wahalar da kai da gwanda. Amarya ba ta iya ce wa babba a'a. Ta shanye kofi guda. Kafin azahar gudawa ta ɓalle, amai ya biyo, ƙwayar rana ta fito yadda ta shiga. Wajen magariba ta faɗi a tsakar gida. Ita ce faɗuwarta ta farko tun bayan aikin, ita ce kuma ta ƙarshe. Aka kwana biyu a asibiti ana ƙarin ruwa, ba wanda ya san ko ciwon ya dawo ke nan. Inna ba ta yi kuka ba, amma na ga ko ɗankwali ta kasa ɗaurawa.

Da aka sallamo su ta ɗauki gorar ta tafi Gyallesu a ƙafa, ni ina bin ta a baya ina ba ta haƙuri. Ta ajiye gorar a gaban Goggo.

"Ga sauran. Ki shanye in gani."

"Taimako na yi niyya."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba. Kin ce a kore ta ban kora ba, yanzu kin zo ki taimake ni. Daga yau ko ruwa za ki ba ta, ki tambaye ni."

"A kan bare kike gaya mini magana? Ga 'yarki nan tsaye, ta rame kamar kara, kin taɓa tambayar me ke cinta?"

Na ɗauka Inna za ta juyo ta kalle ni. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Waccan tana da ƙafafunta." Ta gyara mayafi muka fito. Ba su sake magana ba sai da Sallah, da Goggo ta shigo da gwanda biyu a leda ta ajiye a ƙofar ɗaki, Inna ta ɗauka ta latsa ta ce, "Ɗayar ba ta nuna ba." Shi ke nan sun shirya.

Azumin shekarar likita ya ce kada Amarya ta ɗauka, malamin unguwa ma ya ce tana da uzuri. Ita ta so ta yi, don kunyar a ga tana ci. Inna ta hana. Da bakin azuminta take hura wuta da tsakar rana, ta dafa faten, ta kira wata ƙaramar jikarta ta ɗanɗana mata gishiri, ta zauna ta tsare har a cinye. Wata maƙwabciya ta ce hayaƙin rana a watan azumi ba kyan gani. Inna ta ce, "Ki rufe tagarki."

Sannu a hankali bakin ya buɗe, gashi ya rufe ɗinkin, Amarya ta koma cin tuwo da miyar kuɓewa, ta yi kumatu. Ita da kanta ta ce wa Inna ƙaurin mai ya daina damunta. Aka juyo da kaskon, amma yanzu Amarya ce a gabansa, Inna tana kan kujera 'yar tsugune tana nuna mata yadda ake buga ƙullu har ya tashi. Ni na yi shekaru ina kai niƙan waken nan ba a taɓa ba ni muciyar ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne dariya. Nakan iso zaure in jiyo Inna tana ƙyaƙyatawa, irin dariyar da ban san tana da ita ba, Amarya tana ba ta labarin yadda ta yi fama da abincin Indiya. Ina yin sallama sai dariyar ta ɗauke. Inna ta gyara zama ta ce, "Ke ce? Ya yaran?" Wani lokaci nakan ɗan tsaya a zauren kafin in yi sallama, don in ƙara ji.

Ciwon ajalinta zuciya ce. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya, abinci ya fita daga ranta. Na ɗauki hutu na dawo gidan. Na yi mata farfesun kaza, na yi mata shinkafa mai laushi, ta kalla ta ce an gode. Amarya ta kawo kunun gyaɗa a kofi, Inna ta buɗe baki. Na koma wanke mata kaya da juya ta a gado, aikin da ba ya bukatar ta karɓi komai daga hannuna.

Ranar Litinin bayan la'asar ta ce wa Amarya ta je ta duba wuta. Da ta fita, Inna ta ɗaga yatsa.

"Ke. Matso."

Na matso har ina jin numfashinta. Shekara hamsin ina jiran a ce mini matso.

"Yarinyar nan," in ji ta, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Idan na tafi ba za ta ci abinci ba. Na san ta. Idan ba ta ci ba maganin ba zai zauna ba. Mijinta namiji ne, ba zai lura ba. Ki tsare ta. Kada a ba ta abincin sadaka, mai ya yi yawa. Goggonku kuma ki sa mata ido."

Na ce to. Na jira. Ta lumshe ido kamar ta gama. Sai na ji bakina ya faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

"Ni fa, Inna?"

Ta buɗe ido ta kalle ni sosai, kallon da ban saba da shi ba, har na ji kunya. Sannan ta ɗora hannunta a kan nawa, hannun ba nauyi.

"Ke wa zan bar wa ke?" in ji ta. "Ke ake bar wa."

Amarya ta dawo da kofi, maganar ta tsaya a nan. Washegari da hantsi ta cika.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Amarya ta ƙi cin komai. A rana ta biyu na tashi daga tabarmar gaisuwa, na bar mata suna ta shigowa, na shiga ƙurya da ɗan kwanon fate na ce mata ta tashi zaune. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce ban tambaye ta ba. Ta ci tana kuka, ni ina riƙe da kwanon, ta sha maganinta, ya kuma zauna.

Har yau ina juya amsar Inna. Wata rana takan ishe ni. Wata rana kuma in ce da ta bar ni wa wani, ko na yini ɗaya ne, in ji yadda abin yake.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata, Ya yalwata mata makwanci. Yadda ta tsare cikin 'yar mutane ba ta gaji ba, Allah Ya ciyar da ita daga abin da ya fi wanda ta bayar. Mu da ta bari, Ya ba mu ikon riƙe abin da ta damƙa mana. Amin.